Masu sabis ɗin kabinet da suka zo mana daga Abuja: aikinsu ya yi, amma akwai ƙorafi

Assalamu alaikum 'yan uwa ma'aikatan lab na Kaduna da kewaye. Tambaya ta yi yawa a kan mutanen da suka yi mana sabis ɗin kabinet ɗinmu na aiki da ƙwayoyin cuta, su waye, ya aikinsu yake, kuma ko kuɗin da suka karɓa ya halatta, shi ya sa na ce bari in rubuta gaba ɗaya kowa ya karanta. Sunan kamfanin dai ba zan sa a nan ba tunda akwai ƙorafi a cikin maganar, wanda yake buƙata ya san inda zai same ni.

Lab ɗinmu na asibitin kuɗi ne a ɓangaren Tudun Wada, kabinet ɗaya tal gare mu, aji na biyu samfurin A2, kuma a cikinsa muke buɗe kakin masu tarin tibi kafin a sa a GeneXpert, injin gwajin tibi, a ciki muke shuka kwalcha, wato renon ƙwayoyin cuta daga samfur, duk wani samfur da ba mu yarda da shi ba nan yake shiga. Da hunturu ya kankama sai ƙararrawarsa ta fara kuka, allurar ma'aunin matsin iska tana ta hawa, in ka kai hannu bakin gilashin ma kana jin jan iskar ba kamar da ba. Duk wanda ya san ƙurar Kaduna daga Disamba zuwa Fabrairu ya san inda aka dosa, filta ta toshe.

Abin da ya fara burge ni tun a waya ne. Kafin su yi maganar kuɗi sai da suka tambayi samfurin kabinet ɗin da lambarsa, me muke aiki da shi a ciki, yana da bututun da ke fitar da iska waje ko a cikin ɗaki yake saki, yaushe aka yi masa gwaji na ƙarshe. Da na ce kakin tibi, nan take injiniyan ya ce to Malam ba za mu kwance ko ƙusa ɗaya ba sai mun turara shi da hayaƙin kashe ƙwayoyin cuta, ku shirya rufe ɗakin ya kwana. Mai asibitinmu bai so haka ba, kuma ban ga laifinsa ba domin rufe lab asara ce a fili, ranar da suka iso ya ce masa Injiniya filta ce kawai fa, a cire a sa sabuwa mu ci gaba da aiki. Mutumin ya ce ranka ya daɗe, yaran nan biyu da na zo da su amana ce a hannuna, duk abin da kuka buɗe a kabinet ɗin nan shekara da shekaru yana kwance a jikin filtar, in ba za a turara ba gara mu koma Abuja a haka ba mu karɓi ko sisi ba. Wallahi daga wannan maganar hankalina ya kwanta da su.

Domin gaskiya ya faɗa, kuma abin da da yawanmu ba ma tsayawa mu yi tunani a kai kenan. Filtar HEPA rariya ce, ba ta kashe komai, tarewa kawai take yi, aƙalla kashi 99.97 cikin 100 na ƙwayoyin da girmansu ya kai maikiron 0.3. Shi kuma samfurin A2 kusan kashi 70 na iskar yake sake juyawa a cikinsa, kashi 30 ne ke fita, to akwai fanka da wani sarari a bayan bangon ƙarfen da gurɓatacciyar iska ke bi kafin ta isa filta, wurin da hannunka da tsummanka ba su taɓa kaiwa ba. Goge saman tebur da haifo a bi da sifirit mai kashi 70 da muke yi kullum daidai ne, amma iyakarsa inda ido ke gani. Ƙwayar tibi kuma ta iska take kama mutum, kuma tana jure bushewa. Na taɓa ganin inda aka kira mai gyaran firij da AC ya kwance kabinet, ya fito da filtar tsakar gida yana hura mata iska da bulowa wai ya wanke ta, mutane na wucewa, masu jinya na zaune a benci. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, shi bai sani ba, waɗanda suka kira shi ne ya kamata su sani.

Yadda suka yi turaren kuwa na tsaya na gani da idona har zuwa lokacin da suka ce kowa ya fita. Sun auna tsawo da faɗi da zurfin kabinet ɗin da tef, suka lissafa garin farafomaldihaid, wanda in ya sha zafi yake fitar da hayaƙin fomaldihaid, kusan giram 11 a kowane kubik mita, suka auna a sikeli a gabana, ba wai a ɗiba da cokali a ce ya isa ba. Kaskon suya na lantarki biyu suka sa a ciki, ɗaya na garin, ɗayan na amoniyam baikabonet wanda zai kashe kaifin hayaƙin daga baya, shi kuma aka ɗan fi yawaita shi. Wayoyin suka fito da su waje yadda za a kunna ba tare da an buɗe ba, sannan suka lulluɓe gaban kabinet ɗin da bakin fitar iska da leda mai kauri, suka bi da salatif layi a kan layi, ƙaramin cikinsu yana bin gefen da ɗan yatsa yana dannawa har inda wayar ta ratsa ledar.

Wurin da na gane sun san aikinsu shi ne maganar laima. Injiniyan ya ɗauko ɗan ma'auninsa ya duba ya girgiza kai, ya ce Malam iskar garinku ta bushe da yawa, fomaldihaid ba ya cin ƙwayar cuta yadda ya kamata sai laimar ta haura kashi 60, in muka kunna a haka kuɗinku kawai za mu ƙona. Sai da suka tafasa ruwa a ciki tururi ya ɗaga laimar tukuna. Wanda ya saba aiki a Legas ko Fatakwal ba lallai wannan ya zo masa a rai ba, amma a nan lokacin hunturu da leɓe ke tsagewa dole ne. Haka maganar wuta, sun ƙi farawa da wutar gari, suka ce a tayar da janareto a tabbatar akwai mai, saboda yayin da garin ke ƙonewa ana kunna fankar kabinet ɗin na 'yan daƙiƙoƙi lokaci-lokaci domin hayaƙin ya ratsa filta ya shiga lungunan ciki, in aka ɗauke wuta a tsakiya an ɓata aikin kuma ba damar buɗewa a gyara. Suka sa takunkumin fuska mai rufe har ido, suka manna takardar gargaɗi a ƙofa da Turanci, ni na ƙara rubuta ta da Hausa saboda Baba mai shara da ke shigowa da asuba, na kuma same shi na gaya masa baki da baki. Ƙa'ida aƙalla awa 6 ne, su sun bar shi ya kwana, da safe suka kunna kasko na biyu.

Bayan sun canza filtocin biyu, ta sama mai sauko da iska kan tebur da ta fitarwa, sai aka shiga gwaji, kuma a ganina nan ne kuɗin yake. Sun auna gudun iskar da ke shiga ta bakin gilashi, injiniyan ya nuna min a takarda cewa ma'aunin Amurka na NSF 49 yana son aƙalla mita 0.51 a daƙiƙa ga irin namu, na Turai EN 12469 kuma 0.4 ne mafi ƙaranci, ya daidaita fankar har ta zauna inda kamfanin da ya ƙera ya ce. Sannan suka saki wani hazo ta bayan filta suna bin fuskarta da bakin fotomita, na'urar da ke gano hazon da ya ratso, a hankali, layi bayan layi, duk inda yoyo ya wuce kashi 0.01 an faɗi. Kuma an samu, a kusurwar hagu inda robar gefen ba ta zauna daidai ba, na'urar ta yi ƙara, suka sassauta suka sake ɗaurewa suka maimaita daga farko. Sabuwar filta ce fa daga kwali. Da wanda zai ɗaura ya tafi ne da mun ci gaba da aiki muna ganin mun tsira alhali tana yoyo.

Gwajin hayaƙi shi ya fi amfanar yaranmu. Ya kira su duka suka tsaya, ya saki siririn hayaƙi a bakin gilashin suka ga yadda ramukan gaba ke zuƙe shi, sai ya ɗora littafin rajista a kan ramukan kamar yadda wasu ke yi, nan take hayaƙin ya juyo waje wajen fuskar mai aiki. Ya sa aka buɗe ƙofa da ƙarfi, aka kunna fankar silin, duk suka ga yadda labulen iskar ke karyewa. Ya ce wa ɗaya daga cikin 'yan matan, ƙanwata kar ki ƙara kunna wutar Bunsen, ɗan murhun gas ɗin nan, a ciki, zafinta yana hargitsa iskar kuma yana iya lalata filta, kuma fitilar UV ɗin nan da kuke dogara da ita in ƙura ta rufe ta kusan ado ce. Ba a cikin kuɗin aiki wannan yake ba, shi ya ga dama.

Santirifuj mai wulwula samfur da otokilef mai kashe ƙwayoyin cuta da tururi da madubin gwaji ma sun duba, ba wani abin a zo a gani, aiki ne mai tsabta. Sun sa na cike takardar shaidar cewa mun tsabtace santirifuj ɗin kafin su taɓa, sun canza robar murfin otokilef suka tabbatar yana kaiwa digiri 121 yana riƙewa. Shi kenan.

To yanzu ƙorafi, kuma ba ƙanana ba ne. Na farko kuɗi. Takardar farashin da suka turo ba ta ƙunshi kuɗin mota da masauki ba, sai da aka amince aka sa rana sannan maganar ta fito, wannan ya jawo min jin kunya a gaban mai asibiti domin ni na kawo su. Duk abin da za ka karɓa ka rubuta tun farko mana, mutum ya san abin da zai shiga. Filtar ma ta daɗe ƙwarai ba ta iso ba, daga waje ake yin odarta kuma farashinta na bin dala, wannan na fahimta, amma ka turo saƙo a WhatsApp ka ga an karanta a yi shiru, kai kuma kana nan kana tura marasa lafiya wani wuri da kakinsu a hannu, wannan ba daidai ba ne. Kalma ɗaya ta cewa kaya na hanya ta isa.

Abu na gaba, fomaldihaid kaɗai suke da shi. Yana aiki kam, kuma shi ne mai sauƙin kuɗi, amma tun 2004 hukumar binciken cutar kansa ta duniya ta sa shi a sahun abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar kansa ga ɗan Adam, wurare da yawa sun koma tururin haidirojin feroksaid wanda ke rikiɗewa ya zama ruwa da iskar oksijin kuma ba ya cin lokaci haka. Na tambayi injiniyan, ya ce injin ɗin tsada gare shi ba su kai ba tukuna. Na yarda, amma mu muka sha wari, ko bayan sun ce an gama in ka shiga ido na yaji, ga wani farin gari da ya kwanta a bangon ciki wanda gogewarsu ba ta fitar duka ba sai da muka sake bi. Ɗakinmu taga ɗaya ce, ya kamata a ce sun zo da fankar zuƙe iska ta kansu.

Wanda ya fi damuna shi ne ɗan tsinken gwajin nan mai ɗauke da ƙwayoyin Bacillus da ake sakawa a ciki kafin turare, a shuka shi daga baya a ga ko sun mutu. Shi ne shaidar cewa turaren ya ci. Ba ya cikin tsarinsu sai ka nema, kuma da kuɗinsa daban. Mutanen da suka tsaya kai da fata a kan sai an turara, ban ga dalilin da zai sa shaidar turaren ta zama zaɓi a wurinsu ba. Mu mun nema an sa, sakamakon ya fito babu tsiro, Alhamdulillahi. Tsofaffin filtocin kuma sun naɗe su a leda biyu sun ɗaure da kyau amma suka bar mana, mu muka nemi inda za a ƙona.

Rahoton ya makara shi ma, sai dai da ya zo cikakke ne, kowane awo da lambarsa, har da takardun da ke nuna yaushe aka daidaita na'urorin awon nasu, wanda duk mai shirin karɓar masu duba lab daga MLSCN, hukumar kula da labs ɗin asibiti ta Najeriya, ya san za a tambaya. Sun manna sitika a jikin kabinet ɗin da ranar gwaji da ranar na gaba, shekara ɗaya, kuma injiniyan ya jaddada cewa ko matsar da shi muka yi zuwa wani ɗaki sai an sake gwadawa.

Zan sake kiransu, kuma duk mai aiki da kaki ko jinin da ake zargin Lassa ko kwalcha ina ba shi shawarar ya kira su ko irinsu, da sharaɗin a rubuta komai a takarda tun farko, mota, masauki, tsinken gwaji, ranar kawo rahoto, da wanda zai kwashe tsohuwar filta. Kafin ka kira ma ka duba abin da ke ɗakinka, domin akwai wuraren da na shiga na tarar teburin laminar ne suke kira kabinet, shi kuwa samfur yake karewa, iskar kai tsaye fuskarka yake huro ta, ba sabis yake buƙata ba, daina buɗe kaki a cikinsa ake buƙata yau ɗin nan. Injiniyan ya ce in labs uku ko huɗu suka haɗu a mako ɗaya za a raba kuɗin mota da masauki, to masu kabinet a Kawo, Barnawa, Kakuri har Zariya, namu zai cika shekara a hunturu mai zuwa, wanda nasa ya kusa ya yi min magana mu sa rana ɗaya.