Tambarin Aljanu da Rigimar Gado: Sharhin Wani Littafin Gidan Sarauta

Na sayi littafin a wani shago da ke kusa da tsohuwar kasuwar Sakkwato, na kuma karance shi cikin dare uku. Ƙagaggen labari ne na wata masarauta da sarautarta ta daɗe a gida ɗaya, albarkacin wani tambari da aljanu suka bai wa kakan gidan, wanda ba ya amsa bugu sai a hannun magaji na gaskiya.

Inda marubucin ya fi nuna gwaninta shi ne cikin gidan sarki. Ya san yadda magana ke fita daga ɗakin uwargida, ta bi bakin jakadiya, ta isa kunnen waziri kafin a yi sallar asuba, kuma ya san yadda kishin uwaye ke zama gaba tsakanin 'ya'yan sarki. Gwaggon sarkin, wadda fadawa ke shakkarta fiye da sarkin kansa, ta tuna mini da matsayin Inna, shugabar matan gidan sarki a sarautar Gobir, har na ji da ma labarin nata ne gaba ɗaya. Bayanin ganuwar birnin kuwa sai ya kawo mini Surame, birnin Kanta na Kabi.

Amma tambarin nan, da shi aka ja mai karatu, shi ne kuma ya rage wa labarin ƙarfi. Tunda shi ke nuna magaji, kuma kullum ɗan fari yake nunawa, masu zaɓen sarki sun zama 'yan kallo. Wanda ya tashi a Sakkwato ya san ba haka gado yake ba, domin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, ɗan'uwansa Abubakar Atiku ne ya gaje shi, Aliyu Babba, ɗan Bello, bai hau ba sai a 1842. A irin wannan shawara ta manyan fada, da jiran da ɗan sarki ke yi shekara da shekaru, nan ne zaƙin labarin sarauta yake, marubucin kuwa ya bar aljani ya yanke hukunci cikin shafi biyu. Wannan ya ba ni haushi ƙwarai, saboda na ga yana da basirar da zai iya.

Bugun ma yana buƙatar gyara: an bar ƙ da ɗ da ɓ babu lanƙwasa a wurare da yawa, kuma bangon ya fara saki tun kafin in kai rabi. Duk da haka, idan kashi na biyu ya fito zan saya, don in ga yadda gwaggon za ta ƙare da wazirin.