Girkin Kirsimeti Cikin Hunturu: Watanda, Akuya ko Kaji?

Gidan da zai yi girkin Kirsimeti, kafin ya yi maganar shinkafa ko cincin, sai ya fara yanke shawara a kan nama. Nan ne yawancin kuɗin ke tafiya, kuma naman da aka zaɓa shi ke nuna wa uwargida irin miyar da za ta ɗora. Shi ma naman ba a zaɓensa sai an ƙirga baki. A Kaduna da Jos da Zariya da Gombe da Yola, masu cin abincin 25 ga Disamba ba 'yan gida ba ne kaɗai. Ga 'yan uwa da suka zo hutu daga Abuja ko Legas, ga yaran unguwa masu yawon barka da Kirsimeti, ga kuma kwanukan da za a kai wa maƙwabta Musulmi waɗanda su ma suka aiko da nasu ranar Sallah. Gidan mutum takwas yakan wayi gari yana ciyar da talatin, kuma washegari 26 ga wata ma ranar hutu ce, baƙi ba su yankewa. Wanda ya yi cefane da lissafin 'yan gida kawai, kafin la'asar an kai ga ƙanzo.

Maganar maƙwabta tana shiga cikin sayen naman tun daga farko. Iyayenmu a garuruwa da yawa na Arewa sun saba kiran malami ko mahauci Musulmi ya yanka dabbar Kirsimeti, don kowa a unguwa ya ci hankalinsa kwance. Ina ganin wannan al'ada ta fi kowane kayan ƙamshi gyara abincin ranar, kuma ba ta cin komai sai ɗan abin goro. Gidan da ke cin naman alade kuma yana da niyyar kai wa maƙwabta abinci, ya ware tukunya da ludayi da kwanuka dabam, ya kuma faɗa musu gaskiyar yadda aka yi girkin.

To, wane nama?

Watanda ita ce hanya mafi sauƙi ga mai son nama da yawa da kuɗi kaɗan. Mutum goma ko goma sha biyu, 'yan coci ɗaya ko abokan aiki, su haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka ranar jajibiri a raba kashi-kashi. Kowane kashi yana zuwa da tsoka da ƙashi da kayan ciki, wanda da a teburin mahauci za ka saye su ɗaya bayan ɗaya da sai sun fi haka tsada. Sai dai watanda tana da sharuɗɗanta. A tara kuɗin tun Nuwamba, a sayi san da wuri, domin da Disamba ta yi nisa manyan motoci ke kwasar shanu da awaki daga Potiskum da Maigatari da Wudil da Mubi zuwa Kudu, farashi kuwa sai ya bi su sama. A tura wanda ya san dabba, kuma a yi magana tun kafin a fita kasuwa a kan la'adar dillali, kuɗin mota, ladan mahauta, da wanda zai ɗauki kai da ƙafa da fata. Yawancin rigimar watanda daga kai da ƙafa take tashi, ba daga tsoka ba. Abu na ƙarshe, naman zai sauka gidanku gaba ɗaya a yini guda. In babu firij ko wutar lantarki ba ta zama a unguwarku, sai an shirya soya shi a daren, a tsane, a rufe. Sanyin hunturu na dare yana taimakawa, amma da rana zafi yake yi, ɗanyen nama ba ya jira.

Akuya ita nake zaɓa wa gida mai mutum goma zuwa goma sha biyar da ke sa ran baƙi. Dabba guda tana ba da girki uku ko huɗu: tsokar cinya da ta baya a soya don dafa-duka, haƙarƙari a miya, kayan ciki a yi farfesu da daren jajibiri lokacin da aka dawo daga sujada ana rawar ɗari, kai da ƙafa a ajiye wa washegari. A lissafi, ɗan ƙasa da rabin nauyin akuya mai rai ne ke zama nama da ƙashi bayan fiɗa, wato mai kilo 25 za ta ba da wajen kilo 11 ko 12. A nemi taure, domin bunsuru yana da ƙarni wanda citta da tafarnuwa ba sa kashe shi duka, akuyar da ta haihu sau da yawa kuwa naman tauri ne da ita. Jar akuyar Sakkwato tana ko'ina a kasuwanninmu kuma namanta yana da daɗi. A buɗe baki a duba haƙora: mai manyan haƙora biyu a gaba ta ɗan haura shekara, ita ce daidai, wadda haƙoranta suka cika manya har suka fara cinyewa ta tsufa. A shafa gadon baya da ƙugu a ji tsoka, kada a ruɗu da girman ciki, don akwai masu ɗura wa dabba ruwa kafin a shiga kasuwa. Hanci mai majina, ido mai kwantsa, ko gindi mai alamar zawo, a wuce.

Rago ya fi akuya kitse da kwarjini, a cikin jinsunan raguna kuwa Balami da Uda sun fi ɗan Yankasa girma, amma kuɗin rago yakan yi wa akuya nisa. In shekarar ta zo Babbar Sallah ba ta kusa, masu kiwo ba sa riƙe shi da tsada sosai, ana iya dacewa. Abin lura shi ne man rago yana daskarewa da sauri cikin sanyi, kwanon da aka aika gidan maƙwabci kafin ya isa ya yi fari a sama. Ga gidan da zai yi rabo da yawa, akuya ta fi.

Kaji kashi uku ne, kuma kowane da aikinsa. Kajin gidan gona masu nama, waɗanda ke isa yanka cikin mako shida zuwa takwas, suna da tsoka da laushi, sun dace da suya, yara suna son su. Ba su jure doguwar dahuwa, in an bar su a miya sai su dagargaje. Tsofaffin kaji masu ƙwai da masu gona ke sayarwa a ƙarshen shekara sun fi araha, naman da ɗan tauri, amma romonsu yana ɗaukar miya sosai. Kazar Hausa ita ce sarauniyar ɗanɗano, sai dai ƙarama ce, guda ba ta wuce mutum uku ko huɗu. Hunturu lokacin annobar kaji ne a ƙauyuka, shi ya sa ba na ba da shawarar a saye su da mako biyu a zuba a tsakar gida ana jira. Ɗaya mai ciwo ta isa ta kwashe sauran. A saya saura kwana biyu ko uku, a zaɓi mai jan zanko, mai kuzari, wadda ba ta gyangyaɗi ba ta sauke fukafukai. Zabo ma yana nan, kuma wanda ya taɓa cin farfesunsa ko gashinsa ya san bai da na biyu, illarsa dai ƙarancin tsoka.

Talotalo fa? Al'adar Ingila da Amurka ce ta sa shi zama naman biki, tsuntsun ma asalinsa daga nahiyar Amurka yake. A nan babban talotalo guda a tsakiyar Disamba yakan kusa kama kuɗin ƙaramar akuya, ƙirjinsa kuma yana bushewa in ba a iya gashinsa ba, gidaje da yawa ma ba su da abin gashin da zai ɗauke shi ɗungurungum. In yara sun matsa, a sayi guda a yayyanka a soya. Daskararren da ake sayarwa a katan kuwa a yi hattara da shi. Najeriya ta daɗe da hana shigo da daskararrun kaji da talotalo daga waje, wanda ake gani a kasuwa na waje ta ɓarauniyar hanya ya shigo, ba mai iya cewa sau nawa ya narke ya sake daskarewa a hanya.

Sai shinkafa. Tun rufe iyakokin ƙasa da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, injinan casa na Kano da Kebbi suka yawaita, kuma 'yar gida mai kyau yanzu tana yin dafa-duka warwar ba tare da tsakuwa ba. Ba sai an biya kuɗin 'yar waje ba. A sayi mudu guda a dafa a gwada kafin a ɗauki buhu, a kuma nemi wadda ta kwana biyu, don sabuwar da ba ta gama bushewa ba tana caɓewa. Kilo ɗaya yana ciyar da manya bakwai zuwa takwas in akwai nama da ganye a gefe. Dafa-duka ta fi shinkafa da miya sauƙin rabo, kwano ɗaya ake aikawa ba biyu ba. Soyayyar shinkafa mai karas da koren wake tana da kyan gani, amma ita ke fara lalacewa. A yi ta kaɗan, a ci da rana.

Shinkafar nan dai kowane gida ita zai dafa, baƙon da ya zaga gida huɗu ya gaji da ita. Abinci na biyu shi ke bambanta gida da gida. Waina da miyar taushe tana da araha, don ɗanyar shinkafar tuwo ake jiƙawa, kabewa da alayyafo da gyaɗa kuma duk lokacinsu ne, sai dai tana son mai tsayawa a kan tanda tun asuba. Sakwara da miyar agushi tana cika ciki, doyar Binuwai da Nasarawa ta bushe ta yi daɗin daka a Disamba, amma ba ta son jira, da ta huce ta canza. Mutanen Filato da Kudancin Kaduna suna da acca, ko tuwonta ko gwatenta, kuma ga dattawan da ke lura da abin da suke ci babu kamarta. A duba ta da kyau wajen saye, yashi ne matsalarta, wankinta yana cin lokaci. Ɗaya daga cikin ukun nan ya isa. Uwargidan da ta ɗora biyar ita kaɗai, ba za ta ga cikin coci ba, ba kuma za ta zauna da baƙinta ba.

Kayan miya suna da nasu lokacin. Albasa tana tsada a Nuwamba da Disamba kafin sabuwa ta fito daga Aliero da sauran wuraren noman rani, don haka a saye ta da wuri a baza a inuwa. Tumatirin rani na Kadawa da Kura yana fara shigowa ne, arahar gaske sai Janairu. Dabarar da na fi yarda da ita: a rage tumatir, a ƙara tattasai, a haɗa da busasshen tumatir da aka jiƙa aka wanke sosai. Ana iya niƙawa saura kwana biyu, a tafasa har ruwan ya ƙone, a zuba mai a kai. Man gyaɗa na masu ƙuliƙuli ya fi ƙamshi, amma a sansana a tabbata ba a sirka shi ba. Na galan mai hatimi ya fi dacewa da suyar cincin mai yawa.

Kabeji da karas da latas da kokwamba da dankalin Turawa na Bokkos da Mangu, wannan ne lokacinsu, wanda ke Jos ya leƙa kasuwar Farin Gada da sassafe. A wanke ganye da ruwan gishiri, kada a zuba masa bama, wato mayonis, sai za a ci.

A abin sha, zoɓo ya fi komai riba. Sabon zoɓo ya shigo kasuwa, mudu guda yana cika babban bokiti, da citta da kanumfari da ɓawon abarba. Cittar Kachia da Kafanchan ta yi tsada tun cutar da ta cinye gonaki a 2023, amma kaɗan ake bukata. Kunun aya ya fi daɗi, sai dai awoyi kaɗan yake yi ba ƙanƙara ya yi tsami, a bar shi ga masu firij. Lemon kwalba a sayi kiret ɗaya ko biyu don manyan baƙi. Da yamma in iska ta taso, kunun gyaɗa mai zafi ko shayi mai citta shi tsofaffi za su nema, a tanadi gyaɗar tun da wuri.

Shinkafa, mai, fulawa, sukari, zoɓo, gawayi ko gas, duk a gama da su a makon farko na Disamba. Cincin a soya saura mako guda, a bar shi ya huce sarai kafin a rufe a bokiti. Akuya saura kwana huɗu ko biyar in akwai wurin ɗaure ta da ɗan harawa, ganye kuma ranar jajibiri. In za a hura itace a tsakar gida, a nisanta murhu daga zana da tulun gas, a kashe wutar da ruwa kafin a kwanta, domin iskar hunturu ba ta raina garwashi.