Kyamarar Kinect a ɗakin gashi: amfaninta ga mai shanyewar ɓarin jiki da inda ƙarfinta ya tsaya

Cibiyar gashi mai zaman kanta da muke kai mahaifiyata tun bayan da hawan jini ya jawo mata shanyewar ɓarin jiki na dama tana da wani tsari na motsa jiki da ake biyan kuɗinsa daban, wanda ake yi a gaban talabijin da kyamarar Kinect. Masu jinya da yawa suna tambaya ko ya cancanci ƙarin kuɗin. Amsata ita ce ya cancanta, amma da sharaɗin ya zama ƙari a kan aikin likitan gashi, kada ya maye gurbinsa.

Kamfanin Microsoft ne ya fitar da Kinect a shekarar 2010 domin na'urar wasannin bidiyo ta Xbox 360, daga baya masu kula da lafiya suka ga amfaninta. Tana aiki da wani haske da ido ba ya gani wajen auna nisan kowane sashe na jiki, sannan ta bi diddigin gaɓoɓi 20 a samfurin farko, 25 a na biyu da ya fito a 2013. Ba a ɗaura wa majinyaci komai, ba ya kuma riƙe komai, kuma wannan babbar fa'ida ce ga wanda hannunsa ba ya iya damƙa.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda ake daidaita atisayen da ƙarfin mutum. Kafin a fara, likitan yakan ce, "Hajiya, ɗaga hannun iya inda za ki iya, kada ki takura kanki." Inda hannun ya tsaya, nan manhajar ke ɗauka a matsayin iyaka, sai ta riƙa fito da 'ya'yan itace a kan allo dab da wannan iyakar domin a miƙa hannu a tsinko. Idan kafaɗar ta ƙara sakewa, sai a ɗan matsar da su sama. Akwai kuma wata dabara da masu wannan ciwo ke yi ba da saninsu ba, wato su karkato da ƙirji gaba ɗaya maimakon su miƙe gwiwar hannu, jikin ya saba da gurguwar hanya. Na ga mahaifiyata ta yi haka tana neman kai wa ga wani lemo, allon ya ƙi ba ta maki, ta dubi likitan ta ce, "Ɗan nan, ai na taɓa shi." Ya nuna mata hoton sandunan jikinta a gefen allon yadda bayan ya tanƙwara, ta koma ta jingina da kujera ta sake gwadawa da hannun kaɗai.

Amfani na biyu shi ne yawan maimaici. Ƙwaƙwalwar da ta samu rauni tana gina sababbin hanyoyi ne ta hanyar maimaita motsi sau da yawa, alhali wani bincike da aka yi a Amurka da Kanada a 2009 ya gano cewa a zaman gashi na yau da kullum majinyaci yana maimaita motsin hannu mai amfani kimanin sau 32 kacal. A gaban allon kuwa, mutum yana shagala da wasan ya yi ta miƙa hannu ba tare da ƙosawa ba, na'urar kuma tana ajiye lissafi, ta yadda za a iya kwatanta wannan mako da wanda ya gabata ba da ƙiyasi ba.

Iyakarta ita ce yatsu. Kyamarar tana ganin kafaɗa da gwiwar hannu sarai, amma ba ta bambance ƙananan motsin yatsu yadda ya kamata, kuma a can ne buƙatar majinyaci ta fi yawa: yin loma, ɗaura zane, jan carbi, riƙe buta. Haka nan ba ta jin taurin tsoka, ba ta san lokacin da kafaɗar da ta saki ta fara ciwo ba, wannan sai hannun likita. Suturarmu ma tana rikita ta, domin dogon hijabi da zane ko babbar riga suna ɓoye mata gaɓoɓi, don haka sai an sa kaya masu ɗan kama jiki. A nan ina ganin cibiyar ta gaza, tunda ba ta ware wa mata lokaci ko ɗaki na daban ba, kuma dattijuwa ba za ta saki jiki ta cire hijabi maza na kai-komo ba. Ana kuma buƙatar fili kamar mita 2 tsakanin mutum da kyamarar, da ɗakin da hasken rana ba ya dukansa kai tsaye, da wutar da ba ta ɗaukewa a tsakiyar zama.

Kada kuma a ɗauka cewa fasahar ce kaɗai ke warkarwa. A 2016 an wallafa sakamakon wani gwaji a kan majinyata 141 a Kanada da Ajantina da Peru da Tailan, inda aka kwatanta wasannin Nintendo Wii, wata na'urar da ita ma ake wasa da ita ta hanyar motsa jiki a gaban allo, da wasanni irin su karta da ƙwallo, aka ga hannuwan rukunin biyu sun samu sauƙi kusan daidai. Nazarin 2017 na Cochrane, ƙungiyar da ke tattara sakamakon binciken lafiya tana tantancewa, shi ma ya nuna cewa irin wannan fasaha ba ta fi gashin da aka saba ba idan lokacinsu ɗaya ne, amma tana taimakawa idan an ƙara ta a kansa.

Wanda zai biya ya tabbatar cewa mintunan allon ba daga cikin lokacin likita aka yanko su ba, kuma akwai mai tsayawa kusa da majinyaci idan atisayen na tsaye ne, saboda gudun faɗuwa. Mai tunanin sayen tasa domin gida ya sani cewa an daina ƙera Kinect ta Xbox tun 2017, abin da ke kasuwa galibi na hannu ne, kuma manhajar asibiti ba ta zuwa tare da ita.