Mallard a gidan tarihin jiragen ƙasa na York: kyan fenti a sama, aikin yana ƙasa

Gidan tarihin yana bayan tashar jirgin ƙasa ta York a arewacin Ingila, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa, kuma shiga kyauta ne. Yawancin baƙi Mallard, kan jirgi mai aiki da tururi, suke nufa kai tsaye, su ɗauki hoto da shuɗin jikinsa su wuce. Wanda ya yi haka ya ga riga ne kawai.

Mallard ɗaya ne daga kawunan jirgi 35 na rukunin A4 da aka ƙera a masana'antar Doncaster tsakanin 1935 da 1938, bisa zanen injiniya Nigel Gresley. Ranar 3 ga Yuli 1938 ya kai gudun mil 126 a awa, kusan kilomita 203, a gangaren Stoke da ke kudu da Grantham, yana jan taragu bakwai. Har yau babu injin tururi da ya karya wannan tarihi. Joseph Duddington ne direba, Thomas Bray na zuba kwal.

Shawara ta farko: a tsugunna. Manyan ƙafafun shida kowacce tsayinta ƙafa 6 da inci 8, ta ɗara dogon mutum. Silinda biyu kawai ake gani, ɗaya a kowane gefe, amma uku ne. Ta ukun tana ɓoye a tsakiya, ƙarƙashin tukunyar ruwa, kuma ita ce sirrin ƙarfin injin, ita ce kuma ciwon kansa. Gresley bai ba ta nata kayan buɗe bawul ba. Ya sa wasu sanduna biyu a gaba da ke karɓar motsi daga bawulolin waje su miƙa wa na tsakiya. Dabara ce mai rage nauyi da yawan kaya a wuri mai matsi. Matsalar ita ce da zarar mahaɗan sandunan sun ci, sai su yi sako-sako, bawul ɗin tsakiya ya riƙa wuce iyakarsa a gudu mai tsanani, silindar tsakiya ta ɗauki aikin da ya fi nata. Daga nan boris ɗin gindin sandar fistin ya yi zafi, farin ƙarfen da ke cikinsa ya narke. Abin da ya faru ke nan ranar kafa tarihin: a Peterborough aka cire Mallard, wani injin ya ƙarasa da taragun zuwa Landan.

Da yake direba ba ya ganin wurin, an dasa ɗan kwalba mai ruwa mai wari a jikin boris ɗin, zafi ya yi yawa ta fashe, hanci ya ba da labari. A shekarun 1950 aka shawo kan abin, bayan Doncaster ta fara daidaita firam da na'urar hange ta kamfanin Zeiss, aka kuma sauya fasalin boris ɗin.

Rigar nan mai santsi tana rage tirjiyar iska, tana kuma ɗaga hayaki kada ya rufe wa direba ido. Amma gyaran da ya fi tasiri a ciki yake: an sassauta lanƙwasar bututun tururi, an kai matsin tukunya fam 250 a kowane inci murabba'i, sannan Mallard ya fito da tagwayen bututun hayaki samfurin Kylchap, wanda ke jan wuta sosai ba tare da shaƙe silinda ba. Wasu uku ma da shi suka fito a 1938, amma sai a ƙarshen shekarun 1950 sauran 'yan rukunin suka samu.

Inda ziyarar ta gaza shi ne injin a sanyaye yake, ba wuta ba ƙara, kuma silindar tsakiya ba ta ganuwa komai leƙen mutum. Maganinsa a fara da Ellerman Lines, wani kan jirgi na daban da aka tsaga gefensa, ana ganin murhu da bututun tukunya da fistin ƙuru-ƙuru. Minti ashirin a gabansa, sannan a koma wa Mallard, sai komai ya zauna. Ɗakin da suke ciki shi kansa tsohon shagon injina ne, kuma a nan bam ɗin Jamus ya lalata wani A4 a Afrilun 1942.

Faɗin layin Mallard ƙafa 4 da inci 8 da rabi ne, daidai da na Abuja zuwa Kaduna. Tsohon layin Legas zuwa Kano mai ƙafa 3 da inci 6 ba zai ɗauke shi ba.

Shida suka rage a rukunin, biyu suna Amurka da Kanada. Mai son jin kukan A4 da ƙaurin kwal sai ya nemi jadawalin kan jirgin da aka sa wa suna Sir Nigel Gresley, mai lamba 60007, wanda ake kunna wa wuta har yanzu. Ga York kuwa, a ware awa uku, a je da safe kafin 'yan makaranta su cika wurin.