GARGAƊI: Naira 420,000 na biya a kan bawul ɗin Mullard da Telefunken, ashe jabu ne

Assalamu alaikum. Kwana tara ke nan ina fasa rubuta wannan abu saboda kunya, amma jiya da daddare na ga mutumin da ya sayar mini da bawul ɗin amfilifaya na jabu ya sake ɗora hotunan nan, hotunan da ya yaudare ni da su, a wani sabon shafi da sabon suna, sai na ji ba zan iya yin shiru ba. Naira 420,000. Ban da 8,000 na mota. Dubu ɗari huɗu da ashirin na tura wa mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba sai ta waya, kuma ni ba yaro ba ne, kuma wallahi ban yi sakaci ba.

Ina da amfilifaya ta gado, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, Leak Stereo 20, ƙirar Ingila, irin wadda aka fara fitarwa a 1958. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya saye ta a hannun wani Bature da zai koma gida. Bawul takwas gare ta, wato ƙananan kwalaben gilashi masu kama da ƙwan fitila da take aiki da su, iri uku: EL84 guda huɗu, ECC83 guda uku, da GZ34 guda ɗaya mai gyara wuta. Wat goma kacal take bayarwa a kowane ɓangare, ɗan ƙaramin sifikan bulutut na yara ma ya fi ta ihu. Amma wanda bai taɓa zama gabanta ba ba zai gane abin da nake kuka a kai ba. Ka kunna ta, ka ba ta minti kamar goma ta ɗumama, bawul ɗin su yi ɗan ja-ja a duhu, ka ɗora tsohon faifai. Goge ba ya tsaga kunne, kalangu yana zuwa da nauyinsa, muryar mawaƙi kuwa sai ka ce a kan tabarmarka yake zaune, har numfashinsa kana ji. Da ita Baba yake sauraron ƙira'a bayan sallar asuba. Wannan muryar nake nema na dawo da ita, tun da bawul ɗinta na asali suka gaji sautin ya fara dusashewa ta ɓangaren hagu.

A Facebook na gamu da shi, ya ce a Legas yake, Bahaushe ne, Hausarsa tsaf. Ya ce wani tsohon shagon kayan rediyo aka rufe bayan mai shi ya rasu, shi ya sayi ragowar kayan, har da bawul sababbi a kwalinsu da ba a taɓa kunnawa ba. EL84 na kamfanin Mullard guda huɗu da aka auna suka yi daidai da juna, 180,000. ECC83 na kamfanin Telefunken guda uku, 165,000. GZ34 na Mullard, 75,000. Ku haɗa ku gani. 420,000.

Masu cewa me ya sa ban bincika ba, na bincika. Na san Mullard na gaske na wancan zamani a Blackburn ta Ingila aka fi yin su, kuma tun farkon shekarun 1980 aka daina yin bawul a wurin. Na san akwai wasu ƙananan lambobi a jikin gilashin, ba fenti ba ne, cin gilashin aka yi, layi na biyu yana farawa da harafin B idan na Blackburn ne. Na san Telefunken na Jamus yana da wata 'yar alama mai kusurwa huɗu a gindinsa, tsakiyar ƙafafun, da aka zuba tare da gilashin tun a masana'anta. Na kuma san Mullard ɗin da ake sayarwa sabo a yau a Saratov ta Rasha ake yin shi, suna kawai aka saya, kuma masu gaskiya suna faɗa maka haka. Duk na san wannan kafin in yi magana da shi. Shi ya sa na ce sai mun yi kiran bidiyo.

To a nan ne. Wannan kiran nake ta maimaitawa a kaina ko barci ba na iya yi. Ya ɗauko bawul ɗin Telefunken, ya juya gindinsa, ya matso da shi kusa da kyamara, ya haska da fitilar wata wayar. Alamar tana nan ɓaro-ɓaro. Kafin ma in tambayi lambar Mullard ɗin, shi da kansa ya ce, "Alhaji, tsaya in nuna maka B ɗin, don yanzu 'yan damfara sun yi yawa, kar ka yarda da kowa, har ni." Har ni, ya ce. Sai aka kira sallar la'asar ta wajensa, ina jin ladan, ya ce, "Alhaji ka yi haƙuri, bari in yi salla in sake kiranka, kar ka turo ko kwabo sai ka yi shawara." Kuma ya kira. Minti ashirin ya kira. Ku gaya mini wa zai ji wannan bai sakankance ba? Mutumin da ya ce kar ka turo kuɗi? Mutumin da ya katse ciniki na dubu ɗari huɗu da ashirin don ya je masallaci?

Na tura 250,000 a ranar. A'a, washegari ne, Laraba, don sai da na jira kuɗin adashe suka shigo. Ragowar 170,000 kuma mun yi da shi sai kaya sun iso, amma ranar Juma'a ya kira ya ce mahaifiyarsa na asibiti, ya turo hoton kwalin a naɗe da sunana a jiki, ya ce yana tasha, in taimaka in cika. Kafin nan ma, na manta, ya turo mini wata takarda mai lambobin awo, wai na'urar gwaji ta nuna kowane bawul ɗari bisa ɗari. Rubutun hannu ne a kan farar takarda. Yanzu nake ganin kowa zai iya rubuta ta, amma a lokacin, bayan wancan kiran, ban ga dalilin zargi ba. Na cika masa. Asusun da ya ba ni na biyun sunan mace ne, ya ce matarsa ce. Nan ne kaɗai gabana ya ɗan faɗi, na kuma danne, saboda na tuna "har ni".

Kayan sun iso Kano ranar Litinin, na je tasha da kaina na karɓo. Kwalayen Mullard ne, shuɗi da ja, sun tsufa, suna ƙamshin tsohon sito. Ban ko ci abinci ba. Na ɗauki Telefunken na farko na juya gindinsa. Sumul. Ba alama, ba komai. Na biyu haka. Na ukun ma ban kai ga juya shi ba na ga samansa fari fat kamar an barbaɗa alli, wurin da ya kamata ya zama azurfa mai sheƙi kamar madubi. Duk wanda ya san bawul ya san ma'anar wannan: iska ta shiga, ya mutu murus. Naira 55,000 kowane ɗaya.

Kuskurena guda da zan amsa shi ne da na ce bari in gwada EL84 ɗin ko su na kirki ne. Ban kai minti biyar da kunnawa ba sifika ta fara gurnani, na leƙa, farantin cikin ɗaya ya yi jawur kamar garwashi, ga ƙaurin ƙuna. Na fizge waya daga bango hannuna na rawa. Amfilifayar mahaifina. Abin da ya shekara sama da hamsin a gidanmu lafiya, saura ƙiris taransifomarta ta tafi, kuma wannan ba abin da za ka shiga kasuwa ka sayo ba ne.

Da safe na ɗauki komai na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a Sabon Gari, wanda tun Baba na da rai shi ke duba mana ita. Ya sa tabarau, ya ɗaga bawul ɗin a hasken ƙofa, ya jiƙa ɗan tsumma da sifirit ya shafa sau ɗaya. Tambarin Mullard ya tafi. Na ce ai tsohon fenti ma yana gogewa, don ni har lokacin ina nema wa mutumin uzuri. Ya ce, "Haka ne ɗana, amma duba nan." Lambar nan mai B, wadda ya kamata ta zauna daram a jikin gilashi, ita ma ta bi tsumman. Da fenti aka buga ta. Ya ce ƙirar cikinsa ta wani bawul ce mai suna 6P14P na zamanin Tarayyar Sobiyet, ba mugun bawul ba ne in sabo ne, amma waɗannan sun sha aiki sun gaji, daga tsohon kaya aka ciro su. GZ34 ɗin kuma ya ce na zamani ne aka sake masa riga. Bai yi mini faɗa ba, ya dai yi shiru yana kallon tsumman, kuma shirun nan ya fi mini zafi. Resisto biyu da kafasito ɗaya ya canza, 14,000, ban ma sa su cikin lissafi ba.

Ashe na gaske guda biyu yake da su, ɗaya Telefunken ɗaya Mullard, su yake nuna wa kowa a bidiyo. Su ne jarinsa.

Na kira shi. Da farko ya ɗauka, ya ce wutar gidana ce ta ƙona su. Na ce ina da sitabilaiza, kuma wuta ce ta goge alamar gindin gilashi? Ya ce to direba ne ya musanya a hanya. Direban da bai san ko mene ne a kwalin ba? Ya ce in mayar masa zai dawo da kuɗina, amma in fara turo 12,000 na mota. Wallahi haka ya ce. Bayan 420,000. Da na ƙi, ya toshe ni a WhatsApp, shafin ma ya ɓace a daren. Na je banki na cike takarda, na kai rahoto wurin 'yan sanda, ina jira.

Har yau ban gaya wa maiɗakina adadin ba. Ta san an cuce ni, ta ɗauka abin bai wuce dubu hamsin ba. Kuɗin adashen nan mun yi da ita za a rage kayan ɗakin 'yarmu da su.

Hotunan hirarmu duk suna nan, da rasit biyu na banki, da hoton takardar awon, da bawul ɗin kafin a goge da bayan an goge. Zan ɗora su da zarar wanda ke bin maganar ya ce ba matsala, ba zan rage ko ɗaya ba.

Kar ku biya kafin kaya su zo hannunku. Bidiyo ba shaida ba ce. In ba za ku iya gwadawa a gaban mai gyara ba, ku sayi sabon bawul na kamfanin JJ na Sulobakiya a wurin wanda kuka sani, aƙalla kun san abin da kuka saya. In asusu ya canza suna, ku tsaya.

Ni dai ban yafe ba, kuma ba kuɗin ne kaɗai ba. Da kiran salla ya saye ni. Yana riƙe da bawul ɗin gaske a hannunsa, ladan na kira a bayansa, yana ce mini "kar ka yarda da kowa, har ni", alhali ya riga ya san waɗanda zai zuba mini a kwali. Sabon shafin nasa da na gani jiya, farashin ma ya ƙara: EL84 huɗun nan yanzu 195,000 ya sa musu, kuma na ga wani bawan Allah ya rubuta masa a ƙasa yana tambaya ko ana kawowa Zariya.