Boxer, Jumper da Ducato: jiki ɗaya, amma a duba inji

Na yi aikin ɗaukar kaya da Citroën Jumper, daga baya na koma Peugeot Boxer, kuma in ba don tambarin da ke kan sitiyari ba, da sai in rantse ban sauya mota ba. Giya tana nan a jikin dashbod, birkin hannu yana tsakanin kujerar direba da ƙofa, inda baƙon direba yakan ɗan lalube shi kafin ya saba.

Dalili kuwa a fili yake. A 1978 Fiat da kamfanin PSA, mai Peugeot da Citroën a lokacin, suka haɗa gwiwa suka kafa Sevel, kuma masana'antarsu ta Atessa a Italiya ta daɗe tana fitar da Fiat Ducato, Boxer da Jumper a layi ɗaya. Bayan haɗewar Fiat Chrysler da PSA da ta haifi kamfanin Stellantis a 2021, Opel Movano ma ya bar jikin Renault Master ya shigo wannan gida. A Amurka ana sayar da irin wannan mota da sunan Ram ProMaster.

Abin da ya fi burge ni shi ne bayanta. Da yake tayoyin gaba ne ke jan motar, ƙasan wurin kaya bai yi tudu ba, mai lodi ba ya shan wahalar ɗaga kaya sama. Ga faɗi, ga bango a miƙe, kwali yana zama a kan kwali ba asarar wuri. Mafi girmansu tana cin kusan kubik mita 17. Sai dai duk mota mai jan gaba, idan aka tara nauyi can baya a kan hawa mai santsi, tayoyin gaba sukan rasa riƙo, don haka ni nakan matso da kaya masu nauyi kusa da direba.

Inda mutane ke ruɗewa shi ne inji. Ƙofa, gilashi da madubin gefe na ƙirar 2006 zuwa sama sukan hau juna ba gardama. Amma shekaru da dama Ducato yana ɗauke da injin dizal 2.3 MultiJet, alhali Boxer da Jumper suna da 2.2 HDi. Wanda ya ce wa mai kayan gyara "ai duk ɗaya ne" zai iya komawa da filtar mai da ba ta shiga. A ba shi lambar shasi, a huta.

Da za a ce in sake saye, ba zan tsaya kan tambari ba. Zan duba takardun sabis, in tambayi bakanike wane inji ya fi sani, sannan in ɗauki wadda kayan injinta ke kusa da hannu.