Shagon da ya gyara min matsalar farfelar jirgi a Tsohuwar Panteka

Jama'a bari in ba ku labarin wani shago a Tsohuwar Panteka ta Kaduna, domin wlh mutumin ya cancanci a faɗi alherinsa, kuma na san akwai masu shirin ɗora inji a jirginsu da za su iya faɗawa ramin da na faɗa.

Bara na sayo inji daga Legas, Yanmar 2GM20, mai silinda 2, ƙarfin doki kusan 18, an ciro shi ne daga irin jiragen nan na Turawa masu tafiya da iska, waɗanda injin nasu na taimako ne kawai idan iska ta ɗauke ko za a shiga tasha. Ya zo da giyabos ɗinsa Kanzaki KM2P da shaf, wato sandar ƙarfen da ke juya farfela, wanda ya sayar min kuma ya ɗora min farfelar tagulla mai kunne 3 a matsayin gyara. Niyyata in saka shi a jirgin faiba da muke ɗaukar kaya da mutane a dam ɗin Kangimi. An ɗaura komai tsaf, ranar gwaji na tura liba gaba sai jirgi ya kama ja da baya, na dawo da ita ribas sai ya yi gaba. Yaron da ya ɗaura min ya ce a juya farfelar a saka ta ta ɗaya fuskar, muka ga ramin ma ba zai shiga ba tunda tsukakke ne ta gefe ɗaya, sai ya ce toh a sauya kebur ɗin giya kawai, ribas ya zama gaba, gaba ya zama ribas, magana ta ƙare. Haka muka yi ta aiki kusan sati 2, jirgi na tafiya amma ba ƙarfi, inji sai ihu, giyabos kuma in ka taɓa shi bayan tafiya mai ɗan nisa zafi kamar ka ɗora hannu a murhu.

Wani abokina mai walda ne ya ce in je wajen wani dattijo mai injin sassaƙa ƙarfe, wai ya taɓa zama wajen Yawuri yana aikin jirage. Shagon ƙarami ne, ba allo ba komai, sai ka yi tambaya. Na kai masa farfelar da hotunan injin a waya. Abin da ya fara burge ni bai ce kawo kuɗi ba, tambaya ya yi, "Alhaji in ka tsaya a bayan jirgin kana kallon gaba, ka saka giyar gaba ta asali, shaf ɗin ina yake juyawa, dama ko hagu?" Na ce Baba gsky ban lura ba. Ya ce to ba zai taɓa komai ba sai na duba, ya ba ni alli ya ce in ja layi a kan shaf in ɗauko masa bidiyo.

Kafin in tafi ya ɗauki sanfefa ya goge gindin farfelar, sai ga rubutu ya fito, lambobi biyu da LH a ƙarshe. Ya ce lambar farko faɗinta ne a inci, ta biyu nisan da take son ci a juyi ɗaya, LH ɗin kuma yana nufin ta hagu ce, wato in kana bayan jirgi sai ta juya saɓanin hannun agogo take tura shi gaba. Ta dama RH ake rubuta mata, ita tana bin hannun agogo. Ya ajiye ta a ƙasa ya nuna min yadda ake ganewa ko rubutun ya goge, ka kalli kunnen da ke gabanka, in ya hau ta dama ta dama ce, in ya hau ta hagu ta hagu ce, sannan ya kifa ta ya ce in sake kallo, nan ma hagun ce, ashe kamar zaren noti ne, duk yadda ka juya shi ba ya sauya hannu. A ganinsa daga tsohon injin Volvo Penta aka ciro ta, domin da yawansu ta hagu suke ɗauka.

Da na kawo bidiyon ya tabbata giyabos ɗina dama yake juyawa a giyar gaba. A nan ya ja min kunne kan wani abu da ke ruɗar mutane, shi injin kansa hagu yake juyawa in ka kalle shi ta baya, giyabos ne ke mayar da juyin dama, don haka wanda ya kalli inji ya je sayen farfela zai sayo kishiyar wadda yake buƙata.

Maganar kebur kuwa nan ne ransa ya ɗan ɓaci, ya ce wanda ya ba ni shawarar ya kusa kashe min giyabos. Ya sa na karanto lambar da ke jikin farantinsa, 2.62 ne a gaba, wato sai inji ya yi juyi 2.62 kafin shaf ya yi ɗaya, ribas ɗin irin wannan kuma 3.06, ya ɗauki biro ya lissafa, inji na juyi 3000 a minti, a gaba shaf zai yi kusan 1145, a ribas kusan 980 kacal, shi ya sa jirgin ba ya ja. Kuma ribas ta wani ƙaramin haƙori na tsakiya yake bi, an yi shi ne don ɗan ja baya na minti kaɗan, ba don a ɗora masa buhunan masara a tsallaka dam da shi kullum ba. Ya ce akwai giyabos da aka ƙera su iya aiki ta kowane ɓangare amma nawa ba ya cikinsu. Da muka juye man ciki ya yi baƙi, har da ɗan ƙyallin ƙarfe, Allah dai ya taƙaita.

Na tambaye shi ko masu zubin tukwanen alminiyom za su iya zuba min ta dama tunda ga su nan kusa, ya ce a'a, in kunne ɗaya ya fi wani nauyi ko lanƙwasa girgiza za ta cinye min bera da shaf. Shi ma bai ce zai iya ƙerawa ba, kuma wannan gaskiyar tasa ce ta sa na yarda da shi. Muka yi odar farfela 14 x 9 RH daga Fatakwal mai ƙaramin rami, shi ya buɗe ramin daidai da tsukewar shaf ɗina mai milimita 25, ya yanka gurbin ɗan ƙarfen da ke kulle ta da shaf, ya yi ta goga ta da shaf ɗin da man niƙa bawul har suka zauna ba motsi, ya ɗaure noti ya saka fin.

Inda na ga gazawa, ba ya sauri ko kaɗan. Ya ce kwana 3, sai da aka yi 9, rabi laifin wuta ne rabi kuma aiki ya masa yawa, sannan ba ya ɗaga waya, dole ka taka ka je, ni da ke tahowa daga Kawo sau 4 na yi sintiri. Kuɗinsa ma ba araha ba ne kuma ba ya ragi. Ba ya zuwa bakin ruwa, kai za ka kawo masa kaya.

Mun mayar da kebur yadda yake, an zuba sabon baƙin mai, yanzu wata na 5 ke nan jirgi na ja da kaya cike kuma giyabos ɗumi kawai yake yi. Ya ma gaya min tun kafin in gani cewa da farfelar dama in na saka ribas gindin jirgin zai riƙa zamewa hagu, kar in ɗauka wani abu ne ya lalace, haka kuwa aka yi, yanzu ta gefen hagu nake raɓar gaɓa in ɗan taɓa ribas gindin ya matso da kansa. Tsohuwar farfelar tana nan a shagonsa na bar masa ajiya, in akwai mai injin da ke ɗaukar ta hagu ya je ya duba, amma ya tafi da bidiyon shaf ɗinsa don ba zai saurare shi ba sai da shi.